Fom a Aikin Dare

Ƙarfe biyun dare, ɗakin maza ya yi tsit,
in ban da Sagiru da ke ƙirga ramukan silin
da fankar nan mai ɗingishi.
Na jingina da tagar da ke kallon Ƙofar Sauri,
nan kaɗai sabis ke yarda ya tsaya,
sanda biyu, in ya ga dama.

Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki.
Na san warin kodin tun daga bakin ƙofa,
na san rawar hannun mai tiramol a kwana na uku,
na san yadda uwa ke kwance kuɗi daga gefen mayafi
tana cewa, "Malam Badamasi, ce mini ya warke."
Abin da ban sani ba
shi ne me ake ba yaro ranar sallama,
in ya ɗauki ledar kayansa
ya nufi lungun da abokansa ke jira.

Shi ya sa nake neman karatu daga nesa.
Barin ɗakin nan ba zai yiwu ba.
Mu uku ne, ɗaya ma ta tafi haihuwa.

Na latsa, waya ta zubo mini kwasa-kwasai
kamar 'yan kamasho a tasha, kowa na jan rigata.
Wannan ya ce sati shida ka zama gwani.
Wancan dala yake so, albashina na wata huɗu.
Wani kuwa satifiket ne tsagwaro mai gefen zinare,
ba malami, ba jarrabawa, biya ka sauke.
Araha ba ta ado, na sani,
amma tsadar ma ban ga adonta ba.

"Malam, ba ta nan ake bi ba."
Nafi'u ne a bayana, bargo a kafaɗa,
shi da kwalba ta rako gida daga aji uku na jami'a.
Kwana arba'in da ɗaya bai kurɓa ba,
ni ke riƙe da littafin lissafin.
Ya karɓi wayar, yatsunsa na ɗan karkarwa.
"Fara duba wa ya san da zaman makarantar.
Ka ga ko darasi na sauka a waya, ka ji shi ko ba data.
Kuma ka tambaye su, in an ɗauke wuta ranar jarrabawa, sai yaya?"

Muka yi ta tankaɗe har tsaki ya fita.
Ɗaya ta rage. Ana biya kashi uku.

Sai fom ya ce: me ya sa kake son wannan kwas?
Kalma ɗari, kada ka wuce.

Na tuna Lawandi, mai gyaran babur a Rafin Daɗi.
Da hannuna na sallame shi.
Na ce masa, sai haƙuri, sai addu'a,
kuma gaskiya na faɗa,
sai dai ban ba shi abin riƙewa ba
na ranar da ƙishin zai dawo.
Bayan wata biyu ƙanensa ya bugo mini,
wai bayan la'asar za a kai shi.

Turancina bai kai nan ba.
Nafi'u ya ce, "Faɗa da Hausa, ni in juya."
Na faɗa. Ya rubuta. A wani wuri ya tsaya,
ya goge fuska da bakin bargo, ya ce fankar ce.

Caji saura huɗu, ladanin farko ya yi gyaran murya,
da'irar nan ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa,
sannan ta ce an karɓa.

"In sun ɗauke ka, zan riƙa sauraro tare da kai?"
Na ce, je ka kwanta tukuna.
Na buɗe littafin a shafinsa,
na rubuta arba'in da biyu,
ko da yake gari bai gama wayewa ba.