Baƙuwa a Baranda

A bakin titin Ikoyi, inda muke jera furanni,
wata mata ta sauke gilashin mota
ta miƙo mini tukunya.
"Ungo. Ta ƙi ni. Ko ka zubar ko ka sayar."
Ban zubar ba, ban kuma sayar ba.

Tsawonta bai kai gwiwata ba.
Ganye tara na ƙirga, huɗu sun ƙone a baki,
kowanne kamar tafin jariri a buɗe,
yatsu biyar, ba lalle.
Takardar da ke wuyanta ta ce mefil.
Baba Alani mai lambun ya ce 'yar daji ce,
dajin da rana ke shiga da sallama,
ba irin ranar Ikko mai banko ƙofa ba.

Na rungumo ta a danfo har Agege.
Kwandasta ya ce kuɗin mutum biyu.
Na biya.

Tasalla ta leƙo daga madafa.
"Tana 'ya'ya?" Na ce a'a.
"Ana miya da ita?" A'a.
"Inuwa fa?"
Na dubi tukunyar, na dubi matata.
Ta ce, "To, Allah ya ba da lada,"
ta koma tuƙin tuwonta.

Na huda gindin tukunya da ƙusa,
na cuɗa ruɓaɓɓen ganye da yashi
da garin katako daga shagon kafinta.
Na ba ta kusurwar gabas ta sha hantsi.
Kafin in fita nakan rataya mata buhun albasa
ya tace zafin azahar.
Ruwan famfonmu da ɗanɗanon ƙarfe,
sai na tara mata na sama a bokiti.
Kullum da asuba yatsana a cikin ƙasarta:
in ya fito da sanyi, in haƙura,
in ya fito a bushe, in zuba kofi ɗaya.

Damina ta zo da kwana tara ba tsayawa,
kwata ta haura titi, titi ya shigo zaure.
Na janye ta ciki, ta kwana wajen takalma,
na yanke reshen da ya yi baƙi
da almakashin ɗinkin Tasalla.
Wannan faɗan mu bar shi.

Baba Alani ya ce a garinsu
in sanyi ya sauka takan yi ja jawur,
ta zubar da kayanta, ta yi barci wata uku.
A nan wa zai ba ta sanyi?
Wa ma ke barci a garin nan?
Janareta na kuka, jirgin ƙasa na amsawa,
ita kuma tana tsaye, kore, ido biyu,
kamar ni a shekarata ta farko.

Sai na fara sayen ƙanƙara wurin Iya Rashida,
leda biyu bayan isha'i,
ina jinginawa a jikin tukunya.
Maƙwabta suka ce Barau ya taɓu.
Ranar da babu wuta babu ƙanƙara,
nakan zauna in yi mata fifita
ina jin kunyar kaina.

Wata safiyar Asabar Ladidi ta ja rigata:
"Baba, zo ka gani, an yi mata lalle!"
Ganye ɗaya, can ƙasa, ya rine,
ja kamar bakin mai cin goro.
Ko sanyina ne ya karɓu,
ko ciwo ne ke sallama, ban sani ba.
Baba Alani ma ya juya hoton, ya ɗaga kafaɗa.

Kwana uku ganyen ya faɗi.
Na nema a baranda, na rasa.
Sai da dare, ina neman kuɗin cefane,
na gan shi a shimfiɗe a cikin adakar Tasalla,
tsakanin zanen aurenta da katin asibiti.
Ban ce komai ba.

Da asuba na tsoma yatsa a tukunya.
An riga ni zuba ruwa.