Haƙorin Tahani

Na fita kafin ladan ya gama gyaran murya.
Kisra shida a ƙarƙashin faifai,
miyar kuɓewa a tukunya,
makulli a wuyan Muzammil.
Shekararsa sha ɗaya, na aza masa gida a ka ba gammo.
Na ce, "In an buga ƙofa, amsa da Larabci.
Yau Hausa ta kwana a ƙarƙashin gado."

Mai raksha ya dube ni ta madubi,
ya tambayi unguwarmu, bai tambayi inda za ni ba.
Na ce asibiti.
Na sassauta gefen lulluɓina
don farar rigar aiki ta yi magana a madadina.

Damazin na warin taya.
Shagon da nake cin bashin sabulu
ya zama baƙin rami,
littafin bashin ma ya ƙone,
kuma ban ji daɗi ba.

Shekara tara ina ɗakin gwajin jini,
tun kafin uban yaran ya tafi haƙar zinariya
ya aiko mini saki ta waya,
da kuskure a rubutun sunana.

Yau kwalabe sun fi hannuwana yawa.
Ina ɗiga, ina jira, ina rubutawa.
Wanda aka sara da wanda ya yi saran
ga su jere a katako ɗaya, ja da ja.
Likita ya ce, "Kin gani? Jini bai san ƙabila ba."
Na gani mana.
Sai dai ba madubin gwaji ke tsaye a shingen hanya ba,
yaro ne da gora,
kuma kunne yake sa wa harshenka.

Kakana ya taka daga Haɗeja da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare masa a bakin wannan kogi,
ya shuka dawa don ya ƙarasa baɗi.
Baɗin ce har yau.
Kabarinsa na nan, na babana na nan,
cibiyar 'ya'yana na bayan ɗaki,
amma wata mai jinya da muke shan jabana tare
ta ce mini, cikin tausayi,
"Ku ba ku da inda za ku koma ne?"

La'asar aka sa dokar hana fita.
Waya saura kashi huɗu.
Muzammil ya ce Awadiyya ta ɗauke su ta kan katanga,
ita da 'yan'uwanta ke cikin masu neman mu.
Ta ce duk mai tambaya, jikokinta ne.
Sai Tahani ta fizge wayar:
"Umma, haƙorina ya fita!
Ban jefa ba, ina jiran ki."
Allon ya mutu kafin in ce barka.

Na kwana a kan benci, takalmi a ƙafa.
Ƙarfe biyu aka tashe ni, an kawo wasu uku.
Na yi aikina. Hannuna bai yi rawa ba,
ban san ko abin yabo ne ba.

Da hantsi na iso.
Ƙofarmu na tsaye, kisra biyu sun rage.
Awadiyya ba ta bari na yi godiya ba,
ta ce in dawo mata da turminta.

Tahani ta buɗe tafi:
ɗan fari, kamar ƙwayar shinkafa, da ɗigon ja a gindi.
Ta juya wajen rana, ta ja hannu baya.
Na kama shi.
Rufin kwano ne ko'ina, garin kuma ba ya barci,
ƙarar tsakuwa ɗaya ta isa.

Na ce, "Bari sai gobe."
Ta ce, "Jiya ma haka Muzammil ya ce."

Yana nan a aljihun farar rigata,
tare da biro da katin aiki.
Ƙarfe bakwai zan koma.