Mai Riƙe Tsani

Hadarin farko daga bayan Kufena ya taso,
daren Talata, muna tsakar cin tuwo.
Kafin asuba ya kwashe rufin majami'armu.
Kwano ɗaya muka tsinto a gonar Barnaba,
a nannaɗe kamar tabarmar da aka gama makoki a kanta.

Muka ce ba komai, ai akwai asusu,
baikon kaka biyu yana hannun Irmiya.
Aka aika yaro ya kira shi.
Ƙofa a garƙame, kaji na kiwo a tsakar gida.

Wata uku muna sujada a gindin mangwaro,
Fasto na wa'azi, ido ɗaya a Littafi, ɗaya a sama.
In yayyafi ya sauko mata su buɗe lema huɗu,
mu cusa kai arba'in a ciki.
Ni kafinta ne, na san kuɗin kowace ƙusa.
Bakina na rera yabo,
zuciyata na lissafi.

Lahadin ƙarshen Agusta sai ga shi,
ya rame, riga na yawo a jikinsa.
Ya tsaya can inda ake jingine kekuna.
Waƙa ta mutu a bakinmu.
Iya Lai'atu ce, mai tuyar ƙosai a bakin titin Wusasa,
wadda dubu bakwai ɗinta na cikin abin da ya salwanta,
ta matsa a benci, ta kakkaɓe wurin da bakin zani,
ta ce, "Rana na dukan ka. Zo nan."
Iyakar wa'azinta ke nan.

Daga baya muka ji. 'Yarsa Bilhatu ce,
ciwon ƙoda, asibitin Shika, kwana goma sha tara.
Kuɗin ya tafi, yarinyar ma ta tafi.
Kunya ta hana shi roƙo,
kunya ta hana shi dawowa.
Ban ce wannan ya wanke shi ba.
Shi ma bai ce ba.

Muka sake tarawa daga tushe.
Matan zumunta suka fasa adashi,
samari suka yi ƙodago a gonakin Tsibiri.
Malam Haladu maƙwabcinmu, yana dawowa daga masallaci,
ya ajiye katako shida, ya ce kada a sanar.
Irmiya ya sayar da babur, ya kawo kuɗin a leda.
Bai kai rabi ba.

Ran aiki Fasto ya raba hannu,
wasu miƙa kwano, wasu ɗebo ruwa.
Ya dube ni: "Haggai, kai ne sama.
Irmiya zai riƙe maka tsani."

Tsanin gora ne, ƙasa kuwa ta jiƙe sharkaf.
Na taka na farko da fushi,
na biyu da tsoro.
A na bakwai ya yi ƙara, ya karkata,
cikina ya ɗuri ruwa,
sai na ji ya dawo daidai.
Na leƙa: ya sa kafaɗa, ya kafa gwiwa a laka,
ko ɗago kai bai yi ba.

A can sama, ƙusa uku a bakina,
na tuna Ubangijina ma ya riƙe guduma
kafin ƙusa ta ratsa tafinsa,
kuma ya san sarai su wa ya bar wa aikinsa:
mai musu, mai shakka, waɗanda suka watse da dare.
Ni wane ne da zan zaɓi mai riƙe ni?

Mun gama da la'asar.
Har yau kusurwar gabas na ɗiga,
laifina ne, na yi gaggawa a wajen.
Mun sa bokiti.
In ya cika Irmiya ke ɗauka,
ya kai wa mangwaron da ya rufa mana asiri.
Jiya na kama masa ɗaya hannun bokitin.
Ba mu yi magana ba. Ruwan bai zube ba.