Kasuwa Ba Rumfa

Ƙarfe biyun dare a Gyallesu,
tun isha'i aka ɗauke wuta,
cajin wayata saura sha ɗaya,
ni da ita muna tattalin numfashi.

Kakana Tanimu a kan allura ya tsufa,
aska takwas, a wani zaure a Anguwar Kahu.
In ya gama riga sai ya zauna lissafin kasuwa:
wannan dillalinta ya cika la'ada,
waccan kuɗin mota zai cinye riba,
ta ukun a karɓi riga a ce ka dawo jibi,
jibin da ba ya zuwa.
Ban gaji allurar ba, lissafin na gada.

Ga su nan a tafin hannuna, kasuwanni huɗu,
ba rumfa, ba tayi, ba mai cewa albarka.

Ta farko babba ce, duniya duk ta hallara.
Na ce ina fassara, ina buga rubutu,
ina gyara takardun ɗaliban Samaru.
Ta ce, taurarinka nawa?
Na ce, yau na shigo.
Ta ce, ba a ba marar tauraro aiki.
Na ce, to ina ake samun tauraron?
Ta ce, a wurin aiki.
Na kife wayar, na sha ruwa.

Ta biyu ta tarbe ni da fara'a,
amma cikin kowane goma biyu nata ne.
Kafin ragowar ta ratso bankuna ta sauka PZ
ta rame, kamar akuyar da aka koro a ƙasa daga Maigana.

Ta uku ba kunya: kawo dubu biyar na rajista.
Nan na tuna Yahuza, abokin karatuna a Kongo.
Fankarsa ya sayar ya biya.
Mako guda yana danna hotuna, lambobi na hawa,
dubu tamanin, dubu casa'in,
har ya fara tambayar kuɗin babur.
Ran da zai cire, shafin ya ja ƙofa.
Har yau da mafici yake kwana.
Wadda ta karɓi kuɗinka tun ba ta ga kayanka ba,
in ji Kaka, ba kasuwa ba ce, tare hanya ce.

Ta huɗu 'yar ƙarama,
Zulai ce ta nuna mini ita,
mai zane daga ɗakin uwarta a Hanwa.
Ba ta yabe ta ba. Cewa ta yi,
ba su biya da yawa, amma suna biya,
sannan ta juyo mini alat na gani da idona.
Ta ce, karanta ƙananan rubutun nan na ƙasa,
a nan suke ɓoye wuƙar.

Na karanta, layi layi, ido na yaji.
Wa ke riƙe kuɗin kafin a gama?
In mai aiki ya gudu, wa zan kai wa ƙara?
Naira za su turo, ko abin da katina zai ƙi?

Aikin farko: shafi biyu kan rigakafin kaji.
Na sa musu Hausar da Inna za ta gane.

Da safe ta ce, wane ne ubangidan naka?
Na ce, ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Ta yi shiru tana dama koko,
can ta ce, to ka ƙirga kuɗinka sau biyu.

Kwana tara kafin su shigo.
Na sayi data, na sayi sukari rabin kwano,
na aika wa Yahuza na kati.

Tauraro ɗaya gare ni yanzu.
Sauran ukun ban goge su ba tukuna,
Kaka ma yakan leƙa kasuwar da ba ya ci
don ya ji farashi.
Caji saura uku. Bari in kai wa Lawandi
kafin layi ya yi tsawo.