Kurman Inji

Ƙarfe uku na dare a filin gishirin Atakama.
Sanyi ya sa sifana tana manne wa tafin hannu,
amma fankar katafila mai lamba sha tara
ruri take, kamar za ta tashi sama da lagireto.

Wilfredo Ayavire ya sauko daga kujerarsa,
ya ja hular ulu ya rufe kunnuwa.
"Eduvigis, sau biyu ana canza mata sensa a Kalama.
Sau biyu! Ga ta nan tana zuƙar mai ba lissafi,
ƙarfin da za ta ɗebi gishiri da shi
ya ƙare wajen yi wa dare fifita."

Ban tanka ba. Na jona kwamfuta.
Allo ya ce gudun fanka sifili ne.
Sifili, alhali iskarta na neman raba ni da hulata.

Na san irin wannan ƙaryar, ba ta mugunta ba ce.
Ƙwaƙwalwar inji ta yi tambaya, shiru,
ta sake tambaya, shiru,
sai ta ce gara sanyi da gobara,
ta saki fanka iya ƙarfinta.
Rashin sani ya fi dare duhu.

Kashe, na ce. Ya kashe.
Shiru ya faɗo mana kamar bargo.

Wayoyi uku ke shiga bayan sensar.
Ja mai kawo wuta: na ɗora mita, biyar cif.
Baƙa mai komawa jikin ƙarfe: lafiyarta lau.
Na kwance sensar, na haska bakinta da tocila,
ɗan garin ƙarfe ya taru a maganaɗisu,
na share da gefen riga, na gwada tazararta da haƙoran faifai,
ba ta yi nisa ba, ba ta goga ba.
Sabuwa ce fil, ko maiƙo bai gama saninta ba.
An bar jaki, ana ta dukan taiki.

Saura rawaya, siririyar, mai kai labari.
Wilfredo ya juya fanka da hannu,
mita ta motsa a nan, a bakin sensa,
can wajen ƙwaƙwalwa kuwa ko gezau.

Na cire safar hannu.
Ido ba ya shiga inda waya ke bi,
sai yatsa, taki bayan taki,
ta ƙarƙashin tiyo, ta bayan famfon ruwa,
har inda maɗauri ya cije ta shekara da shekaru.
Nan roba ta tsage, gishiri ya samu ƙofa,
tagulla ta koma kore, tana marmashewa a yatsana.

A kwance a wurin, ƙugu a kan ƙarfe mai ƙanƙara,
babana Anacleto ya faɗo mini a rai.
Shekara talatin cikin ramin tagulla,
yanzu ko gishiri zai ce a miƙo masa
sai maƙwabta sun ji.
Ƙannena sun ce faɗa ya ƙaru da tsufa.
Ni ma na faɗa, har na rage zuwa.

Na yanke ruɓaɓɓen, na haɗa da dalma,
na sa mata riga, na kauce wa maɗaurin.

Tayar, na ce.
Allo ya soma ƙirga: ɗari uku, ɗari huɗu.
Fanka ta ja numfashi, ta sauke murya,
har muka ji tafasar butar shayi a bayan motata.

Wilfredo ya yi dariya: "Waya ɗaya?"
Waya ɗaya.

Gabas ta fara ja a kan duwatsu.
Na rubuta a takardar aiki: ba sensa ba ce.
Lahadi akwai motar safe zuwa Tokonao.
Kunnensa na hagu ne mai sauran ji,
a nan zan ja kujerata.