Shafi Ukun Farko

Ranar Juma'a na kulle ofis da wuri,
na bar lissafin mutane a aljihun tebur
yana jiran Litinin.
A jakata takarda goma sha ɗaya,
labarin da na yi wata bakwai ina lallaɓawa
kamar mai jinyar targaɗe.

Asabar, Kakuri.
Zugwai ta rataye zanenta a tsohon sito
inda ubanta ya shekara ashirin yana ɗaga dilar atamfa
kafin masaƙa ta yi shiru.
Babu fuska ko ɗaya a bangon.
Hannaye ne zalla:
hannu da zare, hannu da kofin shayi,
hannu a buɗe ranar albashin da bai zo ba.
Muna tsaka da kallo aka ɗauke wuta.
Ba wanda ya yi tsaki.
Kowa ya kunna fitilar wayarsa,
muka bi bango sannu a hankali
kamar masu neman allura a ɗakin kaka.
Lantana ta raɗa mini: a haka ma ya fi kyau,
amma kada ki gaya mata.

La'asar sakaliya muka sauka Unguwar Rimi,
gidan Nafi'u, gindin mangwaro,
tabarma biyu da kujerar roba mai karyayyar ƙafa
wadda kullum Dogara ke zaɓa don a tausaya masa.
Zoɓo ya zagaya, gyaɗa ta zagaya,
sai aka ce ni.
Muryata ta yi rawa a shafin farko,
ba ta zauna ba sai a na huɗu.
Da na kai aya, Nafi'u ya murje gyaɗa, ya hure ɓawon,
ya ce: labarinki ya fara ne
daga inda direban ya kashe mota.
Shafi ukun farko gyaran murya ne.
Na ce gyaran murya ai sallama ce,
ba a faɗa wa gidan mutane kai tsaye.
Ya ce mai karatu ba surukinki ba ne.
Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi,
irin wadda ba ta wuce haƙori.

Daga nan gardama ta sake ni, ta kama launi.
Zugwai ta ce: ku masu alƙalami,
ku ba ni sunan launin kogin nan
bayan ruwan Agusta.
Ja, in ji Dogara. Makuba, in ji Lantana.
Wani ya ce kunun kanwa,
wani ya ce shayin da aka yi wa rowar madara.
Har aka kira isha'i ba mu daidaita ba.

Lahadi muka jira su Zugwai suka taso daga coci,
muka tafi mu tambayi kogin da kansa.
A Gamji muka baje, gasasshen kifi a takarda,
yaji yana sa mu jan hanci.
Kogin ya cika ya batse,
yana tafe da reshe, da silifa wari ɗaya,
bai ko kalle mu ba.
Hadari ya haɗo ta wajen Kawo,
muka tsere cikin keke,
mai keken yana salati a kowane rami.
Nafi'u ya juyo daga gaba: fushi kike?
Na ce hanya nake kallo.

Yanzu dare ya raba. Ruwa na dukan kwano.
Na zare shafi ukun, na ajiye gefe,
na karanta daga inda direban ya kashe mota.
Kash.
Mutumin nan da gaskiyarsa.
Ba zai ji daga bakina ba sai wata Asabar,
ko ta bayanta.

Shafi ukun kuwa ban yaga ba.
A bayan na ƙarshe akwai ɗigon zoɓo,
da shatin babban yatsan Zugwai, shuɗi-shuɗi,
inda ta danne mini takardar
lokacin da iska ta taso.

Gobe ofis.
Takalmina har yanzu bai bushe ba.