Mai Dafa Gishiri a Gaɓar Florida

Jiragen nan uku sun shekara a bakin mashiga.
Ba su harba ba, ba su tafi ba.
Zaman mai bin bashi suke yi a ƙofar gida,
wanda ya san ba sai ya ɗaga murya ba.

Ni ne Ozayas, bawan gidan Tolliver.
An turo ni gaɓa in dafa ruwan teku
a tsagin tukunyar wani mataccen jirgi.
Guga ɗari, itace tuli guda,
gishirin bai cika mudu uku ba.
Hayaƙi ya cinye mini gashin ido.

Sun ce auduga sarauniya ce,
duniya za ta zo da rarrafe ta gaishe ta.
Ga ta can jibge a tashar Apalachicola,
dami kan dami, ruwan sama na dukanta,
ɓeraye na haihuwa a cikin rigarta.

Uwargida na soya 'ya'yan kuɓewa
ta zuba a tangaran ta kira shi kofi.
Allura ɗaya ke yawo gida biyar,
ranar da ta karye har kuka aka yi.
Ubangida ya yanka aladu goma sha biyu,
babu gishirin shafa musu,
kafin Lahadi ungulu ta gaji da ci.
Sojan da zai ci naman yana Virginia
yana tauna ɗanyen masara a rami.
Haka ake kashe runduna ba a ga fuskarta ba.

Matata Mahala ta tone ƙasan ɗakin ƙyafe nama,
ta jiƙa, ta tace, ta shanya,
don ɗan abin da zai taɓa harshen yara.
Da zazzaɓi ya kama Zilfa
aka ce kwinin yana Nassau,
yana jiran dare marar wata.
Wata ya yi ta fitowa.
Shekararta shida.

To ku gaya mini yadda zan kalli jiragen nan.
Igiyar da ke shaƙe ubangidana
ta wuyan 'yata ta fara bi.

Daren jiya suka sauko da kwale-kwale,
da guduma, da gatari, da fitila.
Masu tsaronmu suka bar takalma a yashi.
A cikin masu shuɗin kaya akwai baƙi kamata,
da tsohon tabon bulala a bayan wuya.
Bai tambayi sunana ba, guduma ya miƙo.
Na dubi tukunyar, shekara biyu ina ba ta wuta.
Bugu na huɗu ta tsage,
ruwan ya koma inda aka ɗebo shi.

Ya ce, shigo, akwai wuri,
akwai biskit, akwai albashi.
Na sa ƙafa ɗaya a ruwa.

Mahala tana tafiyar kwana uku daga nan,
da Amos, da ƙaramin da bai san ni ba.

Na cire ƙafar.
Na durƙusa na tattara abin da bai narke ba,
da yashi da toka da komai,
na ƙulle a bakin riga.
Na ce masa, ku dai kada ku ɗaga.
Ya ce, ina za mu?

Na bi ta cikin fadama, wuta na ci a bayana,
ina lasar yatsa.